Allurar Duk Bakwai

Daren Talata, Gyaɗi-Gyaɗi

Hajara maƙwabciyar arziki, don Allah ajiye kwanon nan ki rubuta, tun bakina yana motsi.

Allurar ciwon fatata mai saɓar nan, likita cewa ya yi guda ɗaya duk bakwai, wato sau ɗaya a mako, don tana kwantar da garkuwar jiki. Ɗana Sani bai raka ni kemis ba, tun da soja suka sauka daga mulki yake bin kansila. Na ce wa mai kemis "bakwai", shi kuma ya ɗauka kwana bakwai a jere ne, ya yi ta tsira min kullum.

Yanzu bakina duk gyambo, ko koko ba ya wucewa, ga zazzaɓi. Tsoro nake ji, Hajara.

Sani kuwa, bari ya ji a bakin 'yan jam'iyyarsa. Likitan za a fara faɗa wa, yau ɗin nan, shi za ki rubuta wa.