Ba Za a Rushe Murhun Mama Ba

Ƙanena Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya aiki, ya Rahila da yara? Mu nan Malumfashi lafiya, an gama girbin masara.

Na ga hotunan abin gashin nama mai gas da ka turo, wai in zaɓi ɗaya kafin Kirsimeti, a rushe murhun Mama a kafa shi a wurin. Ban zaɓa ba, kuma ba zan zaɓa ba. Ni na koya maka karatu, amma ban koya maka raini ba. A kan wanne za a babbake kan akuya da ƙafafu? Wannan aikin karan dawa ne, ka sani sarai.

Na nuna wa Mama hotunan. Washegari na tarar da ita durƙushe kan gwiwarta mai ciwo, tana yaɓe murhun da sabuwar laka.

In gas kake so, kafa a gidanka. In Mama kake son faranta wa, zo da kanka ka hura mata wuta.

Ka gaida Rahila. Ku sa gwiwar Mama cikin addu'a.

Yayarka,
Saratu