Ɗanki Zai Tafi Ƙasar Sin

Greensboro, North Carolina,
Litinin, 13 ga Yuni, 2005.

Zuwa ga Yaya Sakinatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa yayarsa, ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Lawandi da duk mai cin tuwon gidanku. Yaya ƙafar taki? 'Yarki Bara'atu ta ce min kumburin ya sauka tun da aka canza miki magani, amma na san ki da ɓoye ciwo, don haka ban gama yarda ba. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Na ji an ce ruwa ya sauka da wuri a Funtuwa bana, Allah ya ba da damina mai albarka. Mu nan muna lafiya, sai zafi mai sa gumi tun da safe. Hawan jinin mai ɗakina Suwaiba ya ɗan lafa. Ni kuma likita ya ce sukarin yana nan inda ya bar shi, bai hau ba bai sauka ba. Har yanzu ina zuwa maɗaba'a kwana uku a mako ina duba musu kurakuran rubutu, ko da yake idona ya fara gajiya da ƙananan haruffa.

Dalilin takardar nan ɗanki ne. Garzali nake nufi. A takarda hannuna yana iya rubuta sunan, amma shekara talatin da uku ke nan bakina bai taɓa furta shi ba, kamar yadda Baba bai taɓa furta naki ba har ya koma ga Allah. Ke kika yaye shi, a ɗakinki ya tashi har ya shekara tara muka ɗauko shi zuwa nan, don haka kin fi ni iko da labarinsa. Zai tafi ƙasar Sin a watan Agusta, shi da matarsa Salwa da 'yarsu Shamsiyya. A rubuce shekara uku ne. Ba na so ya tafi, kuma har yau ban faɗa masa ba.

Bari in faro miki daga tushe, don kada ki ji rabin labari a bakin wasu. Kin san shekara tara yana aiki da IBM, a sashen da ke ƙera kwamfutocin tebur da na tafi-da-gidanka, can kusa da Raleigh, tafiyar awa guda daga nan. A watan Disamban bara kamfanin ya ba da sanarwar zai sayar da wannan sashe gaba ɗaya ga wani kamfanin ƙasar Sin mai suna Lenovo. Gwamnatin nan ta yi bincikenta ta amince, a farkon Mayu aka kammala ciniki. Ma'aikata kusan dubu goma a ƙasashe daban-daban suka bi sashen. Mutum ya kwana ma'aikacin wannan ya tashi na wancan, a kan teburinsa na jiya, da abokan aikinsa na jiya. A yi adalci: ba a kori ɗanki ba, ba a taɓa masa matsayi ba. Sai dai an nemi wasu injiniyoyi da za su je Beijing su haɗa aikin gwajin na'urori na can da na nan, aka sa sunansa a ciki, aka ce zaɓi nasa ne, ya je ko ya zauna.

Wata Lahadi cikin Afrilu, bayan la'asar, ya zo shi kaɗai. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya tsallake kujeru ya zauna a kan kafet, irin zaman da kika koya masa. Ya zayyana komai da Hausarsa mai tuntuɓe, inda ta ƙare masa ya cike da Turanci. Da ya gama ya ce shawarata ya zo nema, me na gani. Suwaiba ta tashi ta shige kicin, kin san kunyarta a kansa ta ninka tawa. Aka bar ni da shi da jarida a hannuna. Yaya, abin da ke bakina kalma uku ce, kada ka tafi. Sai na ji kaina ina yi masa sharhi kamar ina rubuta ra'ayin jarida a Kaduna. Na ba shi labarin masaƙun garin nan da suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, na kwatanta da na Kakuri a Kaduna da muke jin labarin suna rufewa. Na nuna masa da shekaru da hujjoji yadda aikin ƙira ke komawa gabas, na ce duk wanda ke sana'ar na'ura a wannan zamani dole ya san inda ake ƙera ta. Minti arba'in ina magana. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma babu ko ɗaya a ciki da nake so ya ji. A ƙarshe na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, na ɗaga jarida na rufe fuskata. Ya ɗan jima a zaune. Sannan ya yi godiya ya tafi.

A gida da an gane. Uba ba ya buɗe baki ya ce wa ɗan fari zauna kusa da ni, ina bukatarka. Shiru zai yi, ya ƙi sa albarka, washegari baffa ko gwaggo su kira yaron gefe su ce mahaifinka bai ji daɗin maganar nan ba, ka bar ta. Haka aka yi miki lokacin da Malam Lawandi ya so ku koma Fatakwal, kin tuna Baffa Ɗanladi ne ya zo da sassafe. Na yi rabin da ke kaina daidai, sai na manta cewa a garin nan babu mai yin ɗaya rabin. Shekara ashirin da huɗu muna nan, ba baffa, ba gwaggo, ba kaka.

Sai na nemi wanda zai tsaya a matsayin baffa. Akwai Malam Issaka, mutumin Maraɗi, mai shagon kayan abinci a High Point Road, wanda muke sahu ɗaya da shi tun ɗanki yana makarantar sakandare. Na je shagon na zauna a kan buhun shinkafa, muka yi hirar duniya, da zan tashi na ce yaron nan yana maganar wata tafiya, ko zai ɗan zauna da shi. Ya ce an gama, Mushe ɗan jarida, haka yake kirana, mushe wato malam a Faransancin mutanen Nijar. Iyakar abin da na faɗa masa ke nan, don shi ma kunyarsa na ji. Bayan kwana huɗu na koma, ya tare ni da fara'a ya ce sun zauna sosai. Ya ba shi lambar wani ɗan'uwansa da ke sarin kaya a Guangzhou, ya kwatanta masa yadda zai gane abincin halal, ya kuma rubuta masa jerin abin da zai duba masa farashinsa, har da injin niƙa da fitilun caji. Ya ce Allah ya ɗaga ɗana, ni kuma na tsaya ina ɓata fuska kamar wanda aka ci tararsa a kwastan, wai mu 'yan Najeriya in ba mu sami abin kuka ba sai mu karanta jarida mu samo. Na yi dariya, na sayi gero da kuka, na fito. Ban ga laifinsa ba. Ɗan kasuwa na aika, ban kuwa ba shi saƙo ba. A tsakiyar Mayu ɗanki ya sa hannu.

Da a nan maganar ta tsaya, da na haɗiye na ce ƙaddara. Amma ranar Alhamis da ta wuce Salwa ta kawo Shamsiyya, ta zauna da Suwaiba a kicin, ƙofa a buɗe, ni ina falo. Iyayenta 'yan Sudan ne amma a nan ta girma, ba ta iya zagaye-zagaye ba, kuma ina kyautata zaton da gangan ta ɗaga murya. Ta ce ran da mijinta ya dawo daga wurina ya daɗe a cikin mota a ƙofar gida bai fito ba. Ta ce shi ba ya son tafiyar, ita ma ba ta so. Ya sayi gida a McLeansville, yana tuƙin awa biyu kullum zuwa da dawowa, ba don komai ba sai don ya kasance minti ashirin daga gare mu, ran da sukarina ko jinin uwarsa ya tashi. Ya zo ne ya ji ko wannan yana da daraja a wurina. Ya ce mata da Baba ya ce zauna, ko sau ɗaya, ko da ido ne, da washegari ya ce wa kamfanin a'a. Amma Baba ya kawo masa hujja goma a kan ya tafi, bai kawo ko ɗaya a kan ya zauna ba. Ta ce ya ce mata ya daɗe da sanin ba a kiran sunan ɗan fari, an yi masa bayani tun yana yaro, amma bai taɓa iya rarrabe wannan da rashin damuwa ba. Suwaiba ta ci gaba da girkinta, ina jin ƙarar cokali a tukunya. Sannan Salwa ta ƙara da abin da ya sa nake rubuto miki: takardar da ya sa wa hannu ta ba shi damar janyewa har zuwa Juma'a, ashirin da huɗu ga wannan wata, ba tare da an riƙe shi da komai ba.

Jiya Lahadi na shirya. Na sa babbar riga, abin da ban saba ba sai Idi, na tuƙa zuwa McLeansville. A hanya na tsara abin da zan faɗa, na rage shi na rage shi kamar yadda nake rage kanun labari, har ya dawo jimla ɗaya gajera. Na iske allon sayar da gida a kafe a bakin titi, shi kuma yana yankan ciyawa da inji don masu zuwa kallo. Da ya gan ni ya kashe injin, ya zo ya rusuna ya gaishe ni, ya tsaya yana jira, gumi na zuba a goshinsa. Ya lura da rigar, na ga idonsa a kanta. Shamsiyya ta fito da gudu ta kama hannuna tana gaya min da Turanci cewa ta iya ƙirga ɗaya zuwa goma da Sinanci, ta fara. Na tsaya har ta kai goma. Yaya, rabin Fatiha kaɗai na samu na koya mata, duk Asabar aya guda, tana yi tana tsokanata wai gemuna ya yi fari kamar na akuya. Na dubi ɗanki, ya dube ni. Sai na ce masa tayar motarsa ta baya kamar iskarta ta ragu, ya duba kafin ya hau babbar hanya gobe. Ya ce to, Baba. Na sha ruwa na dawo gida. Suwaiba ta dubi fuskata ta karɓi hulata.

Na karanta littattafai da yawa a kan yadda al'adu ke mutuwa a ƙasar baƙi, har na taɓa rubutu a kai ina kuka da hakan. Ban taɓa tunanin wata al'ada, irin wannan kunya tamu, za ta ƙi mutuwa a inda ba ta da abin da ke riƙe ta ba. Shekarata sittin da huɗu. Na san abin da shekara uku take nufi ga mai irin ciwona, na kuma ga mutane da yawa da suka zo garin nan da niyyar shekara uku, ni ne na farkonsu.

Niyyata da na ɗauki alƙalami ita ce in roƙe ki ki kira shi ki yi aikin gwaggo, don maganarki ba ya tsallake ta. Amma ba zan yi miki ƙarya ba. Wasiƙa daga nan zuwa Funtuwa mako uku take yi in an yi sa'a, wa'adinsa kuwa saura kwana goma sha ɗaya. Na san wannan lissafi tun kafin in rubuta bismillah. Katin waya yana cikin aljihuna tun ranar Juma'a, na kankare lambar, sau biyu ina fara buga lambar Bara'atu don ta haɗa ni da ke ina ajiyewa, don ke ma ba zan iya faɗa miki da baki ba. Saboda haka lokacin da za ki karanta wannan, maganar ta riga ta wuce. Abin da nake roƙo ya ragu. Zai kira ki ya yi sallama kafin Agusta. Kada ki yi masa faɗa, kada ki hana shi, ki sa masa albarka da bakinki har da tawa. In kin gama, ki ce masa mahaifinsa bai so tafiyar ba, tun ranar farko bai so ba, kuma ranar Lahadin nan ba don taya ya sa babbar riga ba. Ki faɗa masa a fili, kada ki sakaya. Mu mun sakaya ya isa.

Ki gaishe min da Malam Lawandi da kyau, da Bara'atu da mijinta da yaransu, da Inna Tasalla in har yanzu tana gane mutane, da iyalin marigayi Baffa Ɗanladi. Suwaiba tana gaishe ki, ta ce a gaya miki ba ta da abin cewa sai addu'a. Ki sa mu a taki.

Ƙanenki,
Ma'aruf.