Ashe Sauraro Ne

Laraba, 14 ga Mayu, Kazaure

Bayan isha'i muka dawo daga Kano, ni da Inna da ƙanwata Hindatu. An dai yi mata gwajin ƙwaƙwalwar nan na masu farfaɗiya. Wasu 'yan wayoyi aka manna mata a ka, ta kwanta, har barci ya ɗauke ta.

Shekara huɗu ke nan da likita ya fara neman wannan gwajin. Da Turanci ya yi bayani, ni kuma malamar makaranta, na juya na fassara wa Inna ba ko shakka: "Wutar lantarki za a jona mata a ka." Lantarki kawai na ji, na ƙarasa sauran da kaina. Inna ta ja hannun Hindatu, ba mu tsaya ko'ina ba sai gida Roni. Tun daga nan sai hayaƙi da jiƙe-jiƙe, har ranar da ciwon ya kayar da ita cikin murhu, hannunta na dama ya ƙone.

Yau na tambayi mai na'urar gwajin ko tana ba da wuta. Ya ce, "Malama, wannan ba ta ba da wuta, sauraro kawai take yi. Ƙwaƙwalwa ce ke da nata lantarkin. Mai ba da wutar daban take, kuma ba ita aka rubuta muku ba."

A mota Inna ta ɗora hannun Hindatu a cinyarta, tana shafa yatsun da ba sa miƙewa. Sai da muka wuce Dambatta ta ce, "Ashe sauraro ne."

Ba ta kalle ni ba. Da ma zagina ta yi.