Hujin Gindin Tukunya

Yamai

Zuwa ga Baba Ado,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina Inna Rabi, ina mutanen Gaffati? Na iso lafiya, an fara istaj, wato horon aikin ungozoma, sai bayan damina zan dawo Zinder.

Baba, tunda kuna cin rani a Birni kusa da ɗakina, na bar muku lakile, wato makullin ɗakin, wurin mai gidan haya. Akwai shukar nan mai faɗin ganye a tukunya kusa da taga. Mahaifiyata, Mama Nasara, ce ta dasa ta da hannunta kafin ta rasu. Kayanta duk an raba, wannan kaɗai ya rage mini mai rai. Don Allah a riƙa leƙa ta. Sauran ba sai na faɗa muku ba, ku da kuka tsufa a gona.

Ƴarku,
Dibora

*

Birni, Zinder

Zuwa ga ƴata Dibora,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso ta hannun Usman direba. Mahaifinki Amos aminina ne, amanarki ta fi ƙarfin a ce don Allah.

Sai dai ƴata, ku ƴan lakwal masu karatun boko kuna da ban mamaki! Na tarar da baiwar Allah a cikin duhu kamar mai takaba. Na fito da ita tsakar gida ta sha rana, na zuba mata takin awaki mai kyau. Sannan na gano abin da ke cutar ta: tukunyar a huje take! Duk ruwan da aka zuba sai ya tsiyaye ƙasa, a garin da mata ke bin layin famfo. Na liƙe hujin da siminti. Yanzu safe da yamma ina ba ta ruwa, ko ɗigo ba ya fita. In kin dawo ba za ki gane ta ba.

Ki huta lafiya.
Ado Gaffati

*

Birni, Zinder

Dibora ƴar albarka,

Ina gaishe ki, ina gajiyar karatu? Ni ce Rabi. Babanki Ado ya ɗauki biro ya ajiye ya fi a ƙirga, shi ya sa na karɓa.

Shukar ta mutu. Ganyen ya fara ƙonewa ta baki, ya yi ruwan ɗorawa, shi kuwa yana ƙara ruwa wai ƙishi ne. Da ya tono, saiwar ta zama baƙa tana wari. Wani mai sayar da furanni ya ce irin wannan inuwa take so da ɗan haske, ba a ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe, hujin kuma da gangan ake yin sa. Malam Ado ya juyo gida. Mutumin da ake zuwa daga Damagaram Takaya neman irin geronsa, yau ya kasa cin tuwo saboda tukunya guda. Har hanya yake canzawa kada ya bi ta ƙofar ɗakinki. Ya ce da wane ido zai kalli ƴar Amos.

Yanzu ga tawa kunyar, shi ma bai sani ba. Ranar da muka fara buɗe ɗakin, ganyen ya ba ni sha'awa, na faki idonsa na tsinke reshe ɗaya na ɓoye a mayafi. Da girmana da furfurata! Na tsoma shi a kwalbar ruwa bayan randa. Jiya na duba, ya fitar da fararen saiwoyi da sabon ganye. Na rasa yadda zan yi. In na nuna masa, na zama mai taɓa kayan amana. In na yi shiru, yana ta ramewa. Ke ce mai abu, ki yanke.

Ki yafe mana.
Innarki Rabi

*

Yamai

Zuwa ga Baba Ado da Inna Rabi,

Ina gaishe ku da girmamawa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Amma Baba, ranar da na karanta zancen siminti na san abin da zai faru. Na rubuta amsa na yage, don na ji nauyin koya muku ba shuka ruwa. Na yi shiru ina kallo har ta mutu. Ni ce ban san da wane ido zan kalle ku ba.

Inna, ki fito da kwalbar nan ki ajiye a gabansa. Baba, ku dasa mini reshen da hannunku, a inuwa kusa da taga, a tukunyar Mama. Ku fara fasa simintin.

Ƴarku,
Dibora