Na Kunna Tanderun, Baban Godiya

Baban Godiya,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana da rai ma ba lallai ka karanta ba, kai da in takarda ba ta zane ba ce sai ka ɗora kofin shayi a kanta. Amma cikina ya cika da magana, kuma duk Fadan Kagoma ba ni da wanda zan zazzage wa ita sai kai, tunda kai ka jawo mini.

A ɗakin aikinmu nake zaune, tanderun gasa gilashi na gefena, zafinsa na dukan ƙafata. E, na kunna shi. Kar ka tashi hankalinka, zan gaya maka yadda aka yi.

Mama, mahaifiyarka, tana nan, sai dai ƙafar ta matsa mata, yanzu a kan mashin ake kai ta sujada. Godiya ta shiga mawaƙan yara a coci, muryar taka ce sak, wato babu daɗi amma akwai ƙarfi. Citta ta yi kyau bana, bayan wahalar da cutar cittar nan ta ba mutane. Wanka, Yaya Ayuba, ya haƙo tasa har ya rasa inda zai zuba. To daga nan maganar ta taso.

Bayan an gama zaman makoki, aka kira mitin na dangi don raba kayanka. Rigunanka da takalma da gawar mashin ɗin da ya kashe ka a hanyar Kafanchan, duk na bar musu. Sai Yaya Ayuba ya ce ɗakin aiki na gidan ubanku ne, za a kwashe tarkacen ciki a zuba citta. Tanderu kuma ya riga ya yi magana da wani mai gidan burodi a Kafanchan, zai zo ya farfasa ya ɗebi tubalin wutan da kan gas. Kwalabe a ba masu sayen bola. Na miƙe na ce ni fa ina aiki a ɗakin nan. Ka san abin da ya ce? Ya ce ai marigayi da bakinsa ya sha faɗa cewa wanke kwalabe nake taya ka, in wanke-wanke nake so akwai kwanuka a tsakar gida. Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce ma, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Sun yarda da maganarka ne kawai.

Haba, Baban Godiya. Wanke kwalabe?

Wa yake yanke wuyan kwalba da gindinta, ya tsaga ta, a kwantar da ita a wuta ta miƙe ta zama falle? Wa yake daka gilashi a turmin ƙarfe da tsumma a hanci, ya tankaɗe, ya ware mai laushi da mai tsakuwa? Wa ya gano cewa in aka shafa farar ƙasa sau ɗaya a kan farantin da ake gasawa a kai, gilashi yana kamawa, sai an bar ta ta bushe an sake shafawa? Gicciyen nan kore da ke rataye a ofishin fasto, wanda baƙi ke tsayawa su ɗauki hoto, kai ka yi shi? Ranar kana kwance da zazzaɓi. Da fasto ya yaba maka a gaban jama'a, murmushi ka yi ka ce aikin Ubangiji ne. Ina bayanka da Godiya a goye.

Ban taɓa gaya maka ba, yau ina gaya maka: abin ya yi mini ciwo, kowane lokaci. Na san dalilinka. Kana jin kunyar 'yan'uwanka su ce namiji guda ya bar gona ya zauna yana wasa da fasassun kwalabe, har ma matarsa ta fi shi iya wasan. A cikin ɗakin nan kuwa ba ka taɓa rufe murfin tanderu ba sai ka ce in zo in duba. Me zai rage ka da shi in ka faɗi haka sau ɗaya a tsakar gida? Ga shi ka tafi, kalmar da ka bari ita ake korata da ita.

Ka tuna babban aikin da ka bari a kan faranti, wanda ka ce na tagar ɗakin Mama ne? Dutsen bayan gari da kwalba mai ruwan ƙasa, gonar citta da kore iri-iri, hanya da farin gilashi. Tun ranar da ka fita ba ka dawo ba yana nan yadda ka jera shi, gutsure a kan gutsure, babu abin da ya riƙe su sai nauyinsu. Na rufe shi da kwali, na hana Godiya shiga da gudu. Abin da ba a gasa ba ai ba ya ɗaukuwa. Da sun zo kwashe ɗakin, mutum ɗaya zai ɗaga farantin ya karkata shi, shi ke nan, aikinka na ƙarshe ya zama shara. Na yi wa Yaya Ayuba wannan bayani. Ya ce in zuba a buhu in ajiye in ina son abin tunawa.

Sama ce kawai ba ka yi ba. Ka bar wurin fayau kana jiran shuɗiyar kwalba, kullum Malam Sani mai tara mana kwalabe a kasuwa zai samo, kullum bai samo ba. To ni ban jira shuɗinka ba. Na sha gaya maka shuɗin nan ba ya jituwa da kwalaben da muke aiki da su. Duk gwajin da na yi, sai ya fito lafiya, a yi kwanaki, ka ji ƙas, ya tsage shi kaɗai a kan tebur. Ka ce hannuna ne. Ba hannuna ba ne, kowane gilashi da yadda yake tsukewa in yana hucewa, wanda bai zo daidai da ɗan'uwansa ba sai ya ja shi ya yage. Na daka fari da ruwan ƙasa, na barbaɗa mai laushi a ƙasa kusa da dutsen, mai tsakuwa a can sama, na yi maka hadari. Hadarin farkon damina, irin wanda ke sa mata su ruga kwashe shanya. In ba ka so, sai ka zo ka hana ni.

Yau ne mai burodi zai zo da akori-kura. Da gari ya waye na sa farantin a cikin tanderu. Na rufe murfi, na yi addu'a gajeriya, na kunna gas. Na fara da ƙaramar wuta yadda muka saba, don gilashi mai kauri ba ya son a firgita shi. Na riƙe zafin a tsaka-tsaki har iskar da ke tsakanin gutsattsarin ta samu hanyar fita, saboda ba na son kumfa a fuskar dutsenka. Sannan na ƙara wuta. Da na leƙa ta ramin leƙe na ga komai ya yi ja, bakin kowane yanki ya kwanta ya narke cikin na kusa da shi, hanyarka ta shige cikin gonarka, hadarina ya sauko ya taɓa dutsen. Nan na yi kuka, ni kaɗai, da tabarau a ido. Ban so ya narke ya zama sumul ba, na so a riƙa shafawa ana jin tudun kowane yanki da ka yanka, don haka na rage wuta da wuri. Na san kai da ka bar shi ya ƙara. Oho dai.

Ina cikin saukar da zafin a hankali suka iso, Yaya Ayuba da mai burodi da ƙartin da za su yi dako. Mai burodi yana shigowa ya ja da baya, ya san wuta, ba sai an gaya masa ba. Ya ce shi ba zai sa guduma a wannan ba yau, ba kuma gobe ba. Yaya Ayuba kam ransa ya ɓaci, ya yi ta faɗa, wai na raina shi, na raina dangi, wa ya ba ni izinin taɓa kayan mamaci bayan an yanke magana. Mutanen gida suka taru a bakin ƙofa. Ya naɗe tsumma a hannu ya kama marfin, ya ce zai buɗe ya huce da sauri a gama da wannan shirme.

Ban riƙe hannunsa ba, ban kuma durƙusa ba. Na ce, “Yaya, buɗe. Aikin ƙaninka na ƙarshe ne a ciki, na tagar Mama. Iska mai sanyi na taɓa shi zai fashe, kuma a hannunka zai fashe, ba a nawa ba.”

Ka san wanka, bai iya ja da baya a gaban mutane ba. Ya tsaya riƙe da marfin, gumi na zuba, yana kallon ƙasa. Ni ma na ga idonsa ya kawo ruwa, don kar ka ce ban faɗi alherinsa ba. Shi ya ɗauko ka daga bakin titi ranar nan, bai manta ba. Sai ga Mama ta dogaro sandarta, aka buɗa mata hanya. Ba ta kalli kowa ba, ta sa aka kawo mata kujera ta zauna a bakin ƙofar, ta ce a bar mata tagarta ta nuna. Yaya Ayuba ya saki marfin.

Kar ka ɗauka an gama. Da zai fita ya ce ranar Asabar zai dawo da mota, lokacin ai ya huce. Kuma gaskiya cittarsa tana buƙatar ɗaki, ban ce ƙarya yake yi ba. Na ce ya ɗauki ɗakin kwananmu, ni da Godiya mu koma wajen Mama. Gado ba ya yi mini amfanin komai yanzu. Wannan ɗakin ne ba zan bayar ba.

Yanzu na kashe gas, na toshe ramin leƙe da laka, na cusa tsumma a duk inda iska za ta iya shiga. Sai gobe da yamma zan buɗe, in na sa tafin hannu a jikin tubali na ji kamar bango. Wannan jiran kai ne ba ka iya shi ba, kullum sai na kore ka daga ɗakin kar ka ɗaga murfi. Ban san abin da ke ciki ba. Wataƙila ya fito lafiya. Wataƙila akwai wani yanki da ka saka wanda ban san daga kwalbar da ya fito ba, ya ja sauran ya tsaga. In haka ta faru zan yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, don ba ni da wani aikin hannunka da ya rage.

Amma ko ya tsage ko bai tsage ba, na riga na yanka gilashin aiki na gaba. Matan zumuntar coci sun ce in yi musu farantan tarayya, na jibin Ubangiji, sun kuma aika an ciko mini silindar gas daga Kafanchan. Zanen nawa ne tun daga farko har ƙarshe, kuma a bayan kowane faranti zan karce sunana, wanda ubana ya raɗa mini, da baƙaƙe manya yadda ko Yaya Ayuba zai karanta ba tabarau. Ranar Asabar da safe zan loda su a tanderu. In ya zo da motarsa zai tarar da wuta, Asabar ta sama ma haka. Mu ga wanda zai fara gajiya, ni ko mai burodi.

Ina fushi da kai, Baban Godiya, kuma ina kewarka har ba na iya cin tuwo a kwanon da muke ci tare. Ka huta a wurin Ubangiji. In mun sadu, kai za ka fara magana, kuma a gaban jama'a.

Matarka, mai aikin gilashi,
Rifkatu