Bishiyar da Ke Zuwa a Kwali

Pantai Dalam, Kuala Lumpur

Mama,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki? Yaya su Roseline? Ni lafiya lau, sai ɗan targaɗe da na yi a kan tsani, ya kusa warkewa.

Saƙon Baba Josiah ya iso, wai bishiyar Kirsimeti ta matsafa ce, in bar aikin kafa ta a kanti. Na tambayi maƙwabcina Muttaka, ɗan jami'a. Ya ce, "Nahum, masanan ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu sun ce Kiristocin Jamus suka fara, wasu sun ce ta girme su."

Ki ba Baba haƙuri, ba zan bari ba, aiki a nan ba ya samuwa da sauƙi. Tamu ta roba ce, a kwali take zuwa, ni nake ɗaura mata rassa. Musulmi da 'yan Sin da Indiyawa su ɗauki hoto a gindinta su wuce. Ban ga mai durƙusa mata ba sai ni, in zan jona mata wuta.

A sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Nahum