Yayana yana bin mutane neman yafiya, ni na ƙi yafe mashi

Daga akwatin saƙo. Mai saƙon ta roƙi a ɓoye sunanta.

Assalamu alaikum Admin, ina gaida iyayena da yayyena da ke cikin wannan group. Don Allah ku ba ni shawara, kuma Admin ka rufa mani asiri, da wayar Innarmu nake rubutu, ita ta ɗauka karatun jarabawa nake yi.

Ni yarinya ce 'yar sakandare a Dutsin-Ma. Bari in fara faɗa maku halina don kada ku ji a bakin wani, ina da surutu kuma ina da ƙarin gishiri. A gidanmu Rediyo ake ce mani. In na ga ɓera a ɗakin hatsi sai in ce na ga wani mai girman ɗan akuya, har da gemu. Na taɓa ce wa Gwaggo kunun da ta dama ya yi kauri har ludayi ya miƙe tsaye a ciki ya tada kabbara. In na buɗe baki ana fara dariya tun ban ce komai ba. Da ina jin daɗin haka, yanzu ya zame mani masifa, don maganar da nake ɗauke da ita babu gishiri ko ƙwaya ɗaya a cikinta, kuma a gidanmu ba wanda ya yarda da ni.

Maganar a kan yayana ce, uwa ɗaya uba ɗaya, zan riƙa ce mashi Yaya kawai. Shi ya sa mani sunan Rediyo, shi ne kuma mai ƙara mani murya, in na fara labari sai ya murɗa mani kunne ya ce yana gyara tasha. Babanmu hatsi yake sayarwa a kasuwa, asalinmu 'yan Tamawa ne, muna da gona can wajen Barkiya, Yaya ke kula da ita. Bara da damina suka tafi noma shi da amininsa ɗan garin Ɗantutture, 'yan bindiga suka kwashe su daga gonar. Bayan an sha wahala Yaya ya dawo, amininsa bai dawo ba. Shi bai taɓa ba mu labari ba, a bakin wani da aka sako tare da shi muka ji cewa sarƙa ɗaya aka ɗaure su da ita, ƙafa da ƙafa, kuma aminin ya rasu suna ɗaure tare, ba a kwance su nan take ba. Har yanzu tabon yana nan a idon sawun Yaya.

Wanda ya dawo mana ba Yayan da na sani ba ne. Ba ya barci, ba ya cin abinci sai Inna ta yi kamar za ta yi kuka, kullum ya jingina bayansa da bango yana kallon ƙofa. In babur ya wuce ta lungunmu sai jikinsa ya hau rawa. Wata rana da hantsi ragon maƙwabta ya tsinke yana jan sarƙa a ƙasa, Yaya ya faɗa ɗaki ya rufe, ya ƙi buɗewa har la'asar, muna jin sa yana kiran sunan amininsa yana cewa ya tashi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, ni kaina na sha hayaƙin nan har kayan makarantata suna ƙanshin boka. Daga nan Baffa, ƙanin Baba, ya kawo maganar gidan mari, inda ake ajiye masu taɓin hankali da 'yan ƙwaya a sa masu ƙarfe a ƙafa. Ya ce ya san wani malami a ƙauye mai hannu da kyau. Baba yana ta jan ƙafa, amma har ya fara saukowa.

Sai kwanan nan, bayan an gama girbi, Yaya ya tashi ya yi wanka, ya je ya yi aski, ya cinye tuwo har ya nemi ƙari. Ya yi sanyi kamar ruwan randa. Ya ba yaran maƙwabta tattabarunsa, waɗanda da ko ni ban isa in leƙa akurkinsu ba. Takalmin ƙwallonsa ya ba wani abokinsa. Sannan ya fara bin mutane gida-gida yana cewa a yafe mashi. Ya durƙusa gaban Inna da Baba, ya je wajen Baffa, ya hau mota ya tafi Kurfi ya zagaya dangi, har Ɗantutture ya je ya durƙusa gaban mahaifiyar amininsa. Gidanmu aka hau murna. Inna ta toya waina ta yi sadaka, Baffa yana yawo yana cewa rubutun da ya kawo ne ya ci, Baba ya ce yaro ya shiryu, maganar gidan mari a bar ta.

Ni kuma ban shiga murnar ba. Ku da kuka girme ni ku gaya mani, wa ke bin gida-gida neman yafiya? Mai tafiya Makka, ko amaryar da za a kai ɗakinta, ko majinyacin da ya ji jikinsa ya ƙi. Yaya bai biya Makka ba, kuma ba amarya ba ne. Ina cikin wannan tunani na shiga share mashi ɗaki, sai na ga maganin feshin gona a ƙarƙashin gadonsa, wanda a ɗakin hatsi ake ajiye shi, ga shi lokacin feshi ya wuce. Na ɗauke na kai gidan Gwaggo na ɓoye. Na faɗa wa Inna, ta fara dariya, da ta ga ban yi dariya ba sai ta buge mani baki ta ce in tofar da wannan mugun yawu, ɗanta musulmi ɗan musulmi ba zai yi haka ba. Na tari Baba yana alwala, ya kalle ni ya ce, “Rediyo, yau kuma wace tasha aka kamo mana?”

Washegari da rana ina tsinkar zogale a tsakar gida Yaya ya zo ya tsuguna a gabana. Ya ce, “Rediyo, kowa ya yafe mani, saura ke.” Wallahi ban shirya ba, bakina ne kawai ya yi abin da ya saba. Na ce ban yafe ba. Ya ce me ya yi mani. Na ce ƙafar kazata da ya cinye ranar ƙaramar Sallah, da 'yar tsanata da ya yi wa aski, da ranar da ya ce gaban ƙawayena goshina kamar gaban tifa. Ya yi dariya, ita ce dariyarsa ta farko da na ji tun da ya dawo, ni kuma hawaye na zuba cikin zogale. Na ce kowane laifi sai ya biya, ƙafar kaza kuɗinta ya koya mani lissafi, goshi kuma ya riƙa raka ni makaranta. Ya ce to, gobe zai dawo ya sake tambaya.

Na san halin Yaya, ko allura ya ara sai ya mayar, ba ya iya tafiya ko kasuwa da haƙƙin mutum a kansa. Shi ya sa tun daga ranar kullum sai ya zo, kullum sai na tono sabon laifi. Na gaskiya sun ƙare tuni, yanzu ƙirƙira nake yi. Shekaranjiya na ce ya taka mani ɗan tsako tun ina goye. Ya ce, “Wannan kam ƙarya ce Rediyo, kina goye ina kika samu ɗan tsako?” Na ce gado na ci, in yana musu ya kawo shaida. Ya yi murmushi amma idonsa ba ya murmushi. Ya san abin da nake yi, na san ya sani.

Ban zauna haka kawai ba. Na ga wata lamba a waya da aka ce ta masu taimaka wa wanda ke cikin damuwa ce, na kira. Matar da ta ɗauka tana da kirki, amma Turanci take yi, ni kuma Turancina na jarabawa ne, in an yi sauri sai ya zube. Abin da na tsinta shi ne kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti, kuma in tambaye shi kai tsaye. Sai na tambaye shi. Yana raka ni makaranta na ce, Yaya, kashe kanka kake son yi? Ina ta addu'a ya murɗa mani kunne ya ce tasha ta lalace. Bai yi ba. Muka yi tafiya mai nisa, sannan ya ce, “Kin taɓa jin nauyin mutum a ƙafarki? Ni har yanzu ina jan sa.” Ya ce ya gaji, ya ce in ba ya nan Inna za ta huta. Sai ya tsaya ya riƙe mani hannu ya ce kada in kuskura maganar ta kai kunnen Baffa, don in aka sake sa mashi ƙarfe a ƙafa, ko yafiyata ba zai jira ba.

Ranar ban shiga aji ba, na wuce gidan wata Anti maƙwabciyarmu, nas ce. Ita kaɗai ce ta saurare ni har ƙarshe ba ta yi dariya ba. Ta ce abin da ke damun Yaya ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kama wanda ya ga tashin hankali, yana da magani, kuma akwai likitocinsa a Katsina, ko a asibitin nan garin za a iya fara duba shi a tura shi gaba. Ta ce sanyin nan da ya yi da rabon kaya ba sauƙi ba ne, abin tsoro ne. Amma dole babba ya raka shi. Ta sa hijabi ta zo ta samu Baba da kanta. Baba ya karɓe ta da mutunci, ya ce ɗansa ba mahaukaci ba ne da za a kai shi asibitin mahaukata, in gari ya ji wa zai ba shi mata, mu ƙannensa wa zai kwashe mu, kuma ai ya ma warke, ba ta ga yadda yake zumunci ba? Bayan ta tafi na sha faɗan da ban taɓa sha ba, wai na kai sirrin gida waje.

Yanzu ga inda abin ya tsaya. Inna ta ji labarin na hana Yaya yafiya, ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce wace irin zuciya ce da ni, yaro ya fito daga bakin mutuwa yana neman gyara tsakaninsa da mutane ni ina mashi wasan banza. Ta ce ranar Juma'a in an sauko daga masallaci zan durƙusa gaban Baba in ce na yafe, in ba haka ba ita ma ba za ta yafe mani ba. Shi kuma Yaya ya riga ya faɗa wa Baba cewa ranar Asabar zai je gona ya tattara kara, shi kaɗai, gonar da tun da aka ɗauke shi bai sake takawa ba. Baba har ya sa mashi albarka.

Don Allah jama'a ya zan yi? In na faɗa wa Baffa zai yarda, amma gidan mari zai kai shi. In na yi shiru Asabar tana zuwa. Akwai wanda ya san likita ko ma'aikacin lafiya a Dutsin-Ma ko Kurfi mai duba irin wannan ciwo, wanda zai yi wa Yaya magana da Hausa, ko ya zo gida kamar baƙo? Akwai lambar da ake amsawa da Hausa? Wanda ya taɓa kai nasa Katsina, ɗaure mutum ake yi a can ko ba a yi, don in san abin da zan gaya wa Yaya ba tare da ƙari ba. Iyaye maza, wace magana ce ke shiga kunnen uba irin Baba? Na yi tunanin limamin unguwarmu, Baba na jin maganarsa, amma ina tsoron ya ce ƙarancin tawakkali ne ya hau yi wa Yaya wa'azin wuta. Malamai kuma ku gaya mani, ina da zunubi in na ƙi bin umarnin Inna a kan wannan?

Ku amsa da wuri don Allah, Anti ta ce za ta duba amsoshinku tare da ni. Duk wanda zai taimaka ya bi ta hannun Admin. Kafin nan ni dai ban yafe ba. Ɗazu ya zo, na duba cikin kaina na rasa ko ƙarya ɗaya, sai na ce mashi laifinsa na yau babba ne, ba zan faɗa ba sai gobe. Ya kalle ni ya ce, “To Rediyo, Allah ya kai mu.”